Lambar ƙodar Baba ta sauka, wai don an cire "baƙar fata" daga lissafi?

Ummu_Khalil:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah ma'aikatan asibiti ku taimaka min. Muna zaune a Bronx da ke New York a Amurka, Baba yana da hawan jini da suga. Ina jera masa takardunsa na asibiti sai na ga lambar nan da ke nuna ƙarfin aikin ƙoda da ake ce wa eGFR a tsofaffin takardu 64 ce, a na baya-bayan nan 58, alhali kiriyatinin ɗinsa (dattin cikin jini da ake aunawa a lissafa lambar) bai wani motsa ba. Likita ta ce ba ƙodar ce ta lalace ba, lissafin aka canza, an daina ƙara wa baƙar fata maki. To da can ina ruwan launin fata da ƙoda? Mama ko barci ba ta yi tunda ta ji an ce mataki na uku na ciwon ƙoda.

Nas_Hadiza:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa, kwantar da hankalinki. Ni a sashen wankin ƙoda nake aiki. Tun lissafin 1999 da na 2009 in an rubuta mutum baƙi ne sai a ƙara masa, a na 2009 ɗin kusan kashi 16 cikin ɗari, wai don baƙaƙe sun fi tsoka. To ƙarin nan ba alheri ba ne wlh, ƙoda tana ciwo takarda tana cewa lafiya lau, ba a tura mutum wajen likitan ƙoda da wuri, kuma layin dashen ƙoda sai lambarka ta sauko 20 ake fara ƙirga maka lokaci, kin ga wanda aka ƙara wa maki sai ya makara wasu su wuce shi. A 2021 ƙungiyoyin likitocin ƙoda na Amurka suka ce a cire, Ingila ma ta cire a shekarar, a 2023 aka umarci asibitocin dashe su mayar wa baƙaƙe lokacin da suka rasa a layi. Na ga dattijon da aka mayar wa lokacinsa, hannunsa na rawa yana riƙe da wasiƙar. Lambar yanzu ce za ku bi.

Malam_Sani:
Allah ba Baba lafiya. Amma ni fa ina da ja, kar siyasa ta shiga magani. Sikila ba tamu ba ce? kuma an ce ciwon ƙoda ya fi kama mutanen Afirka ta Yamma, in an daina duba jinsi ba mu za a cuta ba?

Dakta_Bashir:
Malam tambayarka tana kan hanya amma sikila ba fata take bi ba, zazzaɓin cizon sauro take bi, shi ya sa akwai ta a Indiya da Saudiyya har da Girka. Na ƙodar ma gaskiya ne, akwai ƙwayar gado APOL1 da ta yi yawa a Afirka ta Yamma saboda tana kare mutum daga wani nau'in ciwon barci, sai dai ba kowane baƙi ke da ita ba, a Habasha kusan babu, kuma gwaji ke nuna ta ba kallon fuska ba. Akwati ɗaya a fom ya haɗa Bahaushe da Basomale da ɗan Jamaika. Bincike a Ghana da Afirka ta Kudu ma ya nuna lissafin ya fi daidai in ba ƙarin.

Kuma ba a daina tambayar jinsi ba fa, ana tambaya don a gano wa ake bari a baya. Da haka aka gano a 2020 cewa ƴar na'urar da ake maƙala wa yatsa ta auna iskar jini tana kuskuren nuna baƙi lafiya lau kusan ninki uku na farare.

Hajiya ku roƙi likita gwajin cystatin C, wani gwajin jini na ƙoda, don a tabbatar, da na fitsari. Kuma Baba ya rabu da magungunan rage ciwo ibuprofen da diclofenac sai likita ta yarda.

Ummu_Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Diclofenac kam yana sha saboda gwiwa, har daga gida ake kawo masa. Gobe zan kira asibitin in sha Allah.