Abin da aka ce kan Front Mission: Gun Hazard

Maganar da masu buga wasan bidiyo suka yi kan wannan wasa ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Kamfanin Square ya fitar da wasan a Japan a 1996 kan na'urar wasa ta Super Famicom, bai kuma fita waje ba a lokacin, don haka yawancinmu da fassarar masoya muka buga shi.
2. Kiɗan bai tsufa ba. Akwai hannun Nobuo Uematsu da Yasunori Mitsuda a ciki, ba wanda ya yi musu.
3. Nauyin wanzer, wato dodon ƙarfen da kake tuƙawa, shi ne daɗin wasan. Yana takawa da ƙyar, in ka kunna wutar tashi sai ya ɗaga a hankali, ya sauko dum.

Inda aka rabu:

Masu son Cybernator, wani wasa mai kama da shi, sun ce Gun Hazard ya fi sanyi, tara kuɗi da maimaita fagen da ka riga ka ci yana kashe zafin faɗa. Wasu suka ce ai nan ne wasan yake: ka riƙe bindiga ɗaya har ta ƙware a hannunka, maimakon sauyawa duk shagon da ka shiga. Ni ina tare da waɗannan, ko da yake tsakiyar wasan na ja da yawa.

Fitowa daga wanzer a tafi da ƙafa ma ya raba kai. Albert, jarumin wasan, ƙanƙani ne, harbi kaɗan ya kwantar da shi. Shawarar da aka fi maimaitawa: kada ka fito sai hanya ta matse, kuma ka koyi ɗaga garkuwa tun farko.