Jar fitilar baƙin mai ta kama a dashbod: wa ya taɓa gani, me aka gano?

Sabon Direba:
Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan motata tana yi mini wani abu. Da safe lafiya lau: ina murza makulli fitilar nan mai kama da buta tana ɗigo ta kama, inji na tashi ta mutu. To amma in na yi tafiyar kamar minti 30, inji ya ɗau zafi, na tsaya a sulo, sai ta riƙa ƙiftawa. Ina taka totur ta ɓace. Na zaro geji, mai yana nan daram a layin sama, kuma babu wata ƙara. Wani abokina ya ce in juye in zuba mai kauri, 20W-50, a wuce wurin. Don Allah wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya ba mu labari.

Direban Dare:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye motar nan tukuna. Ni inji guda na yi asara a kan wannan fitilar. Da rana aka yi mini juye, da daddare ina kan babban titi ta kama jajir, ba ƙiftawa ba. Na ce ai yau ɗin nan aka zuba sabon mai, ƙarya take, bari in ƙarasa gida. Ban yi kilomita 5 ba na fara jin ƙwas-ƙwas-ƙwas daga ƙasa, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, sai mota ta shaƙe. Da na haska da fitilar waya, ga layin mai nan baƙi a kan kwalta har inda ido ya ƙure. Ashe robar tsohuwar filta ta maƙale a jikin inji, yaron da ya yi juyen ya ɗaura sabuwa a kanta bai duba ba. Roba biyu, mai ya samu hanya ya tsiyaye. Da na kashe a take na kira janwe, da kuɗin mai kawai zan biya.

Uwar Biyu:
Allah ya mayar da alheri, Malam. Tawa ta zo da sauƙi. Ni sai in na sha kwana da ɗan gudu, ko na taka birki da ƙarfi, take walƙawa ta ɗauke. Maigidana ya ce in tsaya a wuri mai lebur, in kashe, in jira minti 10 kafin in duba. Da ƙyar mai ya taɓa bakin gejin. Wato in an sha kwana ɗan abin da ya rage sai ya gudu gefe, famfon da ke tura mai cikin inji ya zuƙi iska. Kusan lita biyu ta sha kafin ta dawo daidai. Babu yoyo ko ɗigo a inda nake fakin, injin ne yake shan mai a hankali ban sani ba. Amma kai Sabon Direba, tunda ka ce naka a cike yake, ba wannan ba ne.

Rewaya:
Kafin a tayar da hankali a duba sensa. Wata ’yar aba ce da ake ɗaurawa a jikin inji, galibi kusa da filta, ita ke kunna fitilar. Ku zare soket ɗinta, in kun ga mai ya jiƙa cikinsa, ta fashe daga ciki. Na sha ganin haka. A tsofaffin motoci masu sensa mai waya ɗaya akwai gwaji mai sauƙi: a zare wayar, a murza makulli. In fitilar ta ci gaba da ci, wayar ce ta goge take taɓa bodi. Kuma wanda duk tasa ba ta kamawa sam in ya murza makulli kafin inji ya tashi, kada ya yi murna. Ko ƙwan ya mutu, ko waya ta tsinke, ko wani ya cire don a samu a sayar da motar.

Tsohon Bakanike:
Rewaya ya faɗi gaskiya, sai dai ina tsoron kalmar nan “sensa ce kawai”. Ita ta kashe injuna da yawa a gabana. Tana iya zama sensa, ba musu, amma da me ka sani?

Yaro, fitilar nan ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa, abin da muke cewa fresha. (Wasu motocin suna da wata daban, rawaya, ita ce ta ƙarancin mai.) Famfo yana zuƙo mai daga kaskon ƙasa ta wani bututu mai rariya a bakinsa, ya tura ta filta, ya shiga tsakanin kurankshaf (sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji) da metal (matashin ƙarfen da take juyawa a kansa). Tazarar wurin ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma matsatsin nan shi yake haifar da fresha. In metal ya cinye, tazara ta buɗe, mai sai ya riƙa zubewa ta gefe. To ga mai ya yi zafi ya tsinke, ga famfo yana juyawa a hankali saboda kana sulo, nan ne fresha take faɗuwa ƙasa warwas. Shi ya sa alamar da ka kawo ba ta yi mini daɗi ba. Sensar yawancin motoci sai fresha ta yi ƙasa sosai, wajen psi 5 zuwa 10 (psi ma'aunin fresha ne), take kunna fitila. Ka ga ba gargaɗin wuri take yi ba, sai abu ya kai maƙura.

Abin yi ɗaya ne. A kwance sensar, a ɗaura gejin hannu mai allura a ramin, a bar inji ya yi zafi sosai, a karanta a sulo, a sake karantawa a kan juyin inji 2,500 ko 3,000 a minti. Ƙa'idar da muka taso da ita ita ce kamar psi 10 a kan kowane juyi 1,000, amma lambar da ke littafin motarka ita ce alƙali. In allura ta nuna lafiya, sai a canza sensa hankali kwance. Aikin bai kai rabin awa ba, amma sai ka ga an tsallake shi an tafi sayen famfo.

Batun 20W-50 kuwa, zai iya kashe maka fitilar, bai gyara komai ba. In injinka na mai marar kauri ne, irin 5W-30 ko 0W-20, mai kauri yana jinkirin hawa sama da sanyin safiya, ka ƙara wa Barno dawaki ke nan.

Mai Tsohuwar Akori-kura:
Baba, ni shaida ne a kan sayen famfo. An canza mini sensa, fitila ta dawo. Aka ce famfo ne, aka canza, ta dawo. Sai a karo na uku wani ya lura da rariyar bututun. Wallahi da aka ɗago ta kamar an shafe ta da kwalta, ’yan ramuka kaɗan suka rage a buɗe. Laifina ne, ina wuce lokacin juye, kuma gajerun tafiye-tafiye nake yi, inji bai cika yin zafi ba. Tawa ma akasin ta Sabon Direba ce: a sulo lafiya, sai na taka sosai take kamawa, don a lokacin ne famfo yake neman mai da yawa rariya ta hana.

Uwar Biyu:
Baba, in an zaro geji aka ji warin fetur fa? Ƙanwata ce take tambaya.

Tsohon Bakanike:
Fetur yana gangarawa cikin man ke nan, yana tsinka shi, fresha kuma ta ragu. A duba injekta, mai fesa fetur cikin inji. In kuma man ya koma fari-fari kamar an dama da madara, ruwa ne ya shiga, a nemi gasket ɗin kan inji. Ta daina hawa har a gani.

Sabon Direba:
Na dawo, na gode ƙwarai. Janwe na sa ya kai ta gareji, ban tuƙa ba. An ɗaura gejin hannu: da zafi a sulo psi 6, a juyi 3,000 kuma 28. Bakaniken ya sauke kasko, rariya ta ɗan toshe, sannan ’yar robar da ke wuyan bututun ta bushe ta tsage, tana shigar da iska. Ya haska man da ya juye a rana, bai ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe ba, ya yanka filta ma ya duba, babu. An wanke, an sa sabuwar roba, an zuba 5W-30 ɗin da littafi ya ce. Yanzu a sulo 19 take nunawa. Ya ce in dawo bayan kilomita 1,000 a sake juyewa a kuma auna. Baba, 19 ɗin ta yi, ko in sa a buɗe metal a gani tun da sauran dama?