Neman kalma: "kwance ɗamara" ta ishe mu ga maganar makaman nukiliya?

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu Hausa a baki ku matso kusa, akwai kalmar da ta hana ni sukuni tun ranar Talata, kalmar nan ta Turanci disarmament, musamman in an haɗa ta da makaman nukiliya. A rediyo abin da muke ji kullum shi ne "kwance ɗamarar nukiliya" ko "kwance ɗamarar yaƙi", ni ma da shi na tashi kuma da shi nake koyarwa, don darasin gwamnati nake ɗauka a wata sakandare nan Gusau, kuma kun san in ba ka juya wa yara magana da Hausa ba to rabin aji ka baro su baya.

Ina cikin bayanin Majalisar Ɗinkin Duniya, na ce musu ƙudurin farko da babban zaurenta ya zartar a watan Janairun 1946 kan makaman nan ne, kuma har yau ana kiran manyan ƙasashe su kwance ɗamarar nukiliya, sai wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce "Malam, in sun kwance ɗamarar ina suke rataye ta?" Wallahi tsaye na yi da alli a hannu. Kakana maharbi ne, in ya dawo daga daji yakan kwance ɗamararshi mai layu ya rataye ta ga wani ƙusa bayan ƙofar ɗaki, kusa da kwari da baka, da asuba in za shi fita hannu kawai zai miƙa ya ɗaura abinshi. Wanda ya kwance ɗamara hutawa yake yi, bai bar farauta ba.

Kada ma wani ya ce mani "ajiye makamai". Mu mutanen Zamfara mun san wannan kalma ciki da bai, mun ga sulhun da anka fara a 2019, mun ga hotunan bindigogi jere a ƙasa ana cewa an ajiye, sannan mun ga abin da ya biyo baya a ƙauyukkanmu. Abin da anka ajiye ɗaukarshi ake yi.

Abin da ya sa na damu shi ne wannan duhun da ke cikin kalmar shi manyan ƙasashe ke fakewa da shi. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya an fara sa mata hannu a 1968, ta fara aiki a 1970, cinikin da anka yi cikinta shi ne ƙasashen da ba su da bam ɗin su haƙura kada su ƙera, su kuma biyar ɗin da ke da shi, Amurka da Rasha da Birtaniya da Faransa da Sin, sun yi alkawari a sashe na 6 za su zauna da zuciya ɗaya a tattauna yadda za a rabu da shi. Ba a sa rana ba. Yau sama da shekara 50 ke nan. An rage kam, gaskiya ne, a wajajen 1986 kawunan bam ɗin da ke duniya sun kai kusan 70,000, yanzu suna wajen 12,000, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na hannun Amurka da Rasha. Amma ku tuna ɗaya tak anka jefa Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, kafin shekarar ta ƙare mutum wajen 140,000 sun rasu. To in mai 5,000 ya ce maka yana kwance ɗamara, kuma mai neman a wayi gari babu ko guda shi ma ya ce yana son a kwance ɗamara, ai baki ɗaya ne amma zuciya biyu. Kalmar na biyun nake nema. Ku taimaka.

Ƙari bayan la'asar: na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri, bari in bi su gwargwadon iko.

Hajiya da ke aikin jarida a Birnin Kebbi, kin ce a bar "kwance ɗamara" don kunnen mutane ya saba da ita kuma mai karanta labarai ba ya da lokacin yin sharhi. Na yarda da ke rabi Hajiya. Ba cewa nake a kore ta ba, tana da wurinta, in ƙasashe biyu sun sauke makamai daga kan rokoki sun kai rumbu to lallai ɗamara anka kwance, kalmar ta zauna daram. Inda nake ja shi ne a ɗora mata kayan da ba nata ba.

Malam daga Argungu ya kawo "cire dafi", ya ce kamar yadda gardi ke yi wa maciji. Ranka ya daɗe hoton ya yi kyau ƙwarai, sai dai macijin na nan cikin ƙwarya, kuma gardawan da kansu sun san haƙori na sake fitowa.

Wasu da yawa sun ce "lalata makamai" kawai, a huta. Matsalar ita ce ana lalata tsoffi kullum ana ƙera sababbi masu kyau, wannan ma aikin da suke yi ke nan yanzu.

Wanda ya ce "narkarwa" ya sa na tuna maƙerar ƙanen babana can wajen Talata Mafara. Muna yara mukan zauna muna buga mishi zuga-zugi, in an kawo karyayyen takobi ko bakin mashi zai cusa shi cikin garwashi har ya yi jawur, ya ciro da awartaki ya aza kan uwar maƙera ya yi ta dukanshi da masaba, kafin azahar ya zama lauje, kuma babu mai iya nuna maka inda takobin ya shiga. Irin wannan an yi shi da gaske ga nukiliya. Daga 1993 zuwa 2013 Rasha ta ɗauki tan 500 na yuraniyom mai ƙarfi da ta ciro daga kawunan bam ta gauraya shi da mara ƙarfi, Amurka ta saye ta ba mutanenta wutar lantarki da shi. Ni wannan gaurayawar "surkawa" zan kira ta, yadda uwa ke surka ruwan zafi da na sanyi kafin ta yi wa jariri wanka, kuma ina ganin wannan kalmar mun same ta a ɓagas, a riƙe ta. Ko nan gida na'urar binciken nukiliya da ke jami'ar Ahmadu Bello a Zariya an canza mata mai zuwa mara ƙarfi a 2018, anka mayar da mai ƙarfin Sin inda ya fito. Amma narkarwa da surkawa aikin maƙeri ne bayan an yanke shawara, ba su ne sunan shawarar ba.

Sai ɗan'uwan da ya ce duk ɓata lokaci muke, wai duk wanda ya rabu da makaminshi ya zama nama, ya kawo Libiya da Yukiren. Ɗan'uwa ba zan raina maganarka ba don ita ce ke zuciyar mutane da yawa, har a majalisar shayi ita ake faɗi. Yukiren ta miƙa makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bayan takardar Budapest ta 1994 inda anka yi mata alkawarin mutunta iyakokinta, a 2014 Rasha ta ƙwace mata yankin Kirimiya, a 2022 yaƙi ya shigo mata gida. Gaddafi ya watsar da shirinshi a Disamban 2003, shi bai ma kai ga ƙera bam ba, a 2011 kowa ya ga ƙarshen lamarin. Koriya ta Arewa kuma ta fice daga yarjejeniyar hana yaɗuwa a 2003 ta yi gwajin farko a 2006. Duk wannan ya faru. Amma duba da kyau, abin da ya faru shi ne an kwance wa ƙarami ɗamara babba na ɗaure da tashi, kuma shi ya sa nake cewa kalmar da muke nema dole ta hau kan kowa, har Indiya da Pakistan da Isra'ila da ba su taɓa shiga yarjejeniyar 1968 ba. In kalma ɗaya ce ga "ku miƙo naku" da "kowa ya rasa nashi", to mai ƙarfi ne zai zaɓi fassara.

Kuma kada a ce maganar ba ta shafe mu ba. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, saharar da iskar hunturu ke kwaso mana ƙura daga cikinta, mu da muke ganin yadda hazo ke rufe Gusau har ka kasa hango ƙarshen layi. Da sunka yi gwaji na uku a ƙarshen Disamban shekarar, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961, ƙasa mai wata uku da samun 'yanci. Yuraniyom ɗin ma ga shi nan maƙwabta, a Arlit ta Nijar. Afirka ta Kudu ta ƙera bam guda 6 ta wargaza su da hannunta, shugabanta na lokacin de Klerk ya fito ya faɗa wa duniya a 1993, sannan anka yi yarjejeniyar Pelindaba a 1996 wadda ta haramta makamin a nahiyar baki ɗaya. Yarjejeniyar haramta shi a duniya da ƙasashe 122 sunka amince da ita a Yulin 2017 Najeriya na cikin na gaba-gaba wurin fafutukar a yi ta, ta fara aiki ranar 22 ga Janairu 2021, kuma babu ko ɗaya cikin masu bam ɗin da ya sa hannu. Kakanninmu sun shiga maganar nan tun kafin a haife mu, bai kamata a ce har yau ba mu da sunanta ba.

Ƙari bayan isha'i: Yaya na gode, ina ganin kai ka kawo ta.

Ga waɗanda ba su gani ba, yayana ne da ke noma a ƙauye ya turo saƙon murya, ya ce shi bai san nukiliya ba amma abin da muke kwatantawa ƙuduji ne, wato wuta-wuta. Ya ce in ka sare shi da fartanya ka yi aikin banza, sai dai ka tumɓuke shi da saiwa tun bai yi fure ba, ka kwashe ka fitar daga gonar ka ƙone, kuma ko ka yi haka baɗi sai ka zagaya ka duba don irinshi na daɗewa cikin ƙasa shekara da shekaru, sannan in maƙwabcinka bai tumɓuke nashi ba to kai ma ba ka tsira ba. Na saurari saƙon nan sau uku. Duk abin da nake nema yana ciki. Akwai cirewa daga tushe, akwai cewa ilimin ƙera abin ba ya gogewa daga kawunan mutane don haka dole masu sa ido irin na hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana su riƙa zagayawa, akwai kuma cewa aikin gayya ne, mutum ɗaya ba ya yinshi.

Don haka ni dai ga inda na tsaya. In an ce ƙasashe sun daidaita kan adadi, kamar yarjejeniyar 2010 da ta ƙayyade wa Amurka da Rasha kawuna 1,550 kowacce a girke, mu ce "rage makaman nukiliya". Hana yaɗuwa tana nan yadda take, ba ta da matsala. Kwance ɗamara mu bar ta ga saukewa da kaiwa rumbu kamar yadda na ce wa Hajiya. Amma in ana nufin a wayi gari babu shi hannun kowa, mu ce "tumɓuke makaman nukiliya", masu fafutukar kuma "masu neman a tumɓuke".

Na san wani zai ce tumɓuke ana faɗinta ga sarauta ko muƙami, to ai ba ta ɓata komai ba, ga wanda anka tumɓuke ma ba rataye rawanin yake yi bayan ƙofa ba.

Abu ɗaya ya rage mani kafin Litinin da zan rubuta su a allo in sa yarinyar nan ta karanta wa aji. Wani dattijo daga Gwandu ya ce su "tuge" suke cewa, kuma ta fi gajarta ga kanun labari. Hajiya ke da ke zama gaban makirfo, dan Allah ki gwada furta su biyun cikin jimla ɗaya ki gaya mana wadda ta fi sauka a baki, tuge makaman nukiliya ko tumɓuke makaman nukiliya.