Neman shawara: fasfona ya kusa ƙarewa ina Ingila, ga tafiya a gabana

Abu Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan sabunta fasfon Najeriya daga ƙasar waje. Ina karatu a Leeds, kuma saura wata huɗu wa'adin fasfona ya cika. Nan da mako biyar zan je Kano bikin ƙanwata, bayan biki kuma zan raka mahaifiyarmu Umara kafin in koma makaranta, sai ga shi mai nema mana biza ya ce Saudiyya ba ta karɓar fasfon da abin da ya rage masa bai kai wata shida ba. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, a fasfo sunana uku ne, amma a NIN (lambar shaidar zama ɗan ƙasa) biyu ne, babu na tsakiya. An kuma haɗa ni da wani mutum da ya ce in ba shi fam 400 ya fito mini da sabon fasfo cikin kwana goma. Shin in nema a nan, ko in bari sai na je gida, ko kuwa in bi ta hannun mutumin?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri a bikin, ya kuma karɓi Umarar Hajiya. Malam, ka fara da sunan nan tun yau, domin shi ne zai riƙe ka ko a Landan ko a Kano. Hukumar Shige da Fice tana ɗauko bayanan mai nema ne daga rumbun NIN, idan kuwa suka saɓa da abin da ke cikin tsohon fasfo, aikin ba zai wuce ba sai an daidaita su. Shawarata ita ce ka gyara NIN ɗin ya bi fasfo, kada ka yarda a gyara fasfo ya bi NIN, saboda bizarka ta Birtaniya da rajistarka a jami'a da asusunka na banki duk da suna uku aka yi su. Canza bayani a fasfo ma hanya ce daban da ke bukatar amincewar hedikwata a Abuja, kuma ta fi sabuntawa jan lokaci nesa ba kusa ba. Hukumar NIMC mai bayar da NIN tana da shafin da mutum zai nemi gyaran da kansa ta intanet, sai ka tanadi hoton shafin farko na fasfonka da takardar rantsuwa ko ta haihuwa kafin ka zauna cikewa.

Ɗan Zazzau:
Ina tare da Maman Ilham a kan gyaran suna. Idan ya kammala, akwai tsarin sabuntawa ba tare da zuwa ofis ba, wanda aka fara a Kanada a watan Nuwamban 2024, aka kawo shi Birtaniya a farkon 2025. Manhajar NIS Mobile ake saukewa a waya, mutum ya ɗauki hoton fuskarsa da yatsunsa da kansa, kuma an yi shi ne don wanda ya kai shekara 18 da ke sabuntawa ba tare da canza komai ba. Kuɗin fasfo ga na ƙasashen waje dala 150 ne mai shafi 32 na shekara biyar, mai shafi 64 na shekara goma kuma dala 230, ban da kuɗin hidimar ofishin jakadanci da na aika saƙo. Ni ta nan na yi nawa, ban taka ofishin jakadancin Najeriya da ke Northumberland Avenue a Landan ba. Ɗaukar yatsun ce kawai take son haƙuri, sai ka tsaya inda haske yake sosai, wurin da ke bayan hannunka kuma ya zama fili babu tarkace.

Baffan Yara:
Ɗan Zazzau, tsarin da ka faɗa yana da kyau ga wanda ba shi da tikiti a hannu, amma ba zan ba wannan yaron shawarar binsa ba. Lokacin da na yi nawa sai da na sa tsohon fasfon a ambulan na aika, tare da wata ambulan mai adireshina da za a dawo mini da sabon. To, a ce gyaran NIN ya ci mako biyu, shi kuma ya aika fasfonsa saura mako uku tafiya, da me zai hau jirgi idan ranar ta zo bai dawo ba? Tun a 2021 hukuma ta ce sabuntawa mako uku ne, sabon nema mako shida, amma wannan ma'auni ne na aiki, ba abin da mutum zai jingina ranar ɗaurin aure a kansa ba.

Abu Hafsa, ka raba tafiyar nan biyu a ranka, domin ba matsala ɗaya ba ce. Zuwa Kano ba ya bukatar sabon fasfo, tunda ɗan ƙasa ne kai za ka koma ƙasarka da fasfon da bai mutu ba, sai dai idan za ka bi jirgin da ke yada zango a Alkahira ko Addis Ababa, ka tambayi kamfanin a rubuce ko suna da wani sharaɗi. Umara ce kaɗai ke bukatar wata shida. Saboda haka ka gyara NIN daga nan, ka cike takardar neman fasfo a shafin hukumar tun kana Leeds, ka zaɓi ofishin Kano, ka biya, ka ɗauki ranar ɗaukar hoto da ta faɗo washegarin saukarka. A gida daga Satumban 2025 kuɗin ya koma naira 100,000 ga mai shafi 32 da naira 200,000 ga mai shafi 64. Kada kuma a nemi bizar Umara sai sabon fasfo ya shigo hannu, don da lambarsa ake bayar da ita.

Mutumin fam 400 kuwa, ka tambaye shi ta yaya zai tsallake saɓanin sunan da ke cikin kwamfuta. Mafi yawansu abin da za ka iya cikewa da kanka suke cikewa, su riƙe maka fasfo da lambar NIN, idan abu ya cije kuma wayarsu ta daina shiga.

Maman Ilham:
Ƙari kaɗan a kan maganar Baffa. Tunda izinin zaman Birtaniya ya koma na intanet, a maƙale yake da lambar fasfon da ke cikin asusunka na UKVI (hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya). Ranar da ka karɓi sabon fasfo a Kano ka shiga asusun ka sa sabuwar lambar, kada ka bari sai daren tafiya, domin da ita kamfanin jirgi zai duba izininka kafin ya ba ka kujera. Ka kuma taho da tsohon fasfon ko da an soke shi.

Abu Hafsa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bi tsarin Baffa, na kuma fara cike neman gyaran NIN. Zan gaya wa Hajiya a bar ranar Umarar a buɗe, kada a yanki tikiti sai fasfon ya fito. Baffa, idan lokacin komawata makaranta ya yi bai fito ba, shin tsohon yana nan a hannuna in dawo da shi, ko ana karɓewa ranar ɗaukar hoto?

Baffan Yara:
Wannan shi ne abin da za ka tambayi jami'in da ke kan teburin kafin ka miƙa komai, ka nuna masa tikitin komawarka da takardar makaranta. Ka kuma sayi tikitin da ake iya ɗaga ranarsa, ko da ya ɗan fi tsada.