Hotunana sun fito da duhu a takarda, ga kuma rigimar girma a ajinmu: ina neman shawara

Ɗalibar Hoto:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shekarar ƙarshe a karatun ɗaukar hoto, kuma ajinmu zai yi baje koli na haɗin gwiwa a ƙarshen zangon nan. An ba mu ɗaki mai tsawo, bangwayensa farare, da babbar taga ɗaya ta yamma. Kowane ɗalibi yana da mita uku na bango, kuma malaminmu ya ce kada kowa ya wuce hoto biyar.

Aikina a kan hannaye ne, hannayen mutane suna bakin aiki: mai gyaran agogo, mai ɗinki, mai walda, ma'aikaciyar jinya tana naɗa bandeji. Duka baƙi da fari ne, kuma babu fuska ko ɗaya. Wanda na fi so shi ne na mai agogo. Yana riƙe da matsefata, ya ɗauko wata 'yar ƙusa da ba ta kai ƙwayar yashi biyu ba, hasken fitilar teburinsa ya sauka a kan yatsu uku kawai. A allon kwamfutata ana ganin tamojin fatar gaɓoɓinsa, har da zaren da ya warware a bakin hannun rigarsa can cikin inuwa. Da na kai aka wanke mini gwaji, duk wannan ya tafi. Yatsu uku ne ke yawo a cikin baƙi ƙirin, rigar ma babu alamarta. Mai wankin ya ce abin da na ba shi ya fitar.

Matsala ta biyu ta ajinmu ce. Rabin aji na so kowa ya yi A3 da baƙin firam iri ɗaya, don ɗakin ya yi tsari. Sauran, har da ni, muna ganin wannan zai danne wasu ayyukan. Akwai ɗan ajinmu da ya ɗauki filin jirgin ƙasa daga saman gada, hoton cike yake da ƙananan abubuwa, yana bukatar girma. Nawa kuma na fi son su ƙanana, mutum ya matso kusa kamar yadda na matsa lokacin da nake ɗauka. Maganar har ta fara ɓata zumunci.

Na uku, na kasa zaɓen biyar ɗin. Duk wanda na cire sai in ji kamar na ci amanar mai hannun.

Waɗanda suka taɓa yin irin wannan, don Allah ku taimaka.

Tsohon Ɗakin Duhu:

Wa alaikumus salam 'yata. Bari in ɗauki maganar duhun, don ita na sani.

Mai wankin bai yi miki ƙarya ba. Allo haske yake fitarwa daga cikinsa, takarda kuwa ba ta da hasken kanta, na ɗaki take mayarwa. Yawancin kwamfutocin hannu kuma mutane suna aiki da su haskensu a ƙure, kandela (ma'aunin ƙarfin haske) 250 ko 300 a kowace murabba'in mita, wasu ma fiye. Masu gyaran hoto don bugawa suna saukar da shi zuwa tsakanin 80 da 120. Idan kin yi gyara a allo mai ƙyalli, idonki zai ce hoton ya yi haske isasshe, alhali lambobin da ke cikin fayil ɗin suna can ƙasa. Ki buɗe histogiram na hoton mai agogon ki duba, wato zanen da ke nuna yawan duhu da haske a hoto, duhu a hagu, haske a dama. Ina kyautata zaton duk tudun ya tattaru a bangon hagu. A ma'aunin 0 (baƙi ƙirin) zuwa 255 (fari fat), abin da ke kusa da sifili allo yana iya rarrabe shi, takarda kuwa sai ta haɗe shi ya zama baƙi guda, musamman marar sheƙi, wadda baƙinta ba ya zurfi kamar na mai sheƙi.

Ga abin da za ki yi. Rage hasken allon har farin shafi a cikinsa ya yi daidai da farar takarda da kika riƙe a gefensa. Zai yi miki kamar ya dushe, ki yi haƙuri da shi, idonki zai saba. Sannan ki tambayi mai wankin wace takarda zai sa, ya ba ki furofayil ɗin ICC nata, wato fayil ɗin da ke bayyana yadda launi ke fita a wannan takardar. Manhajojin gyaran hoto Lightroom da Photoshop duka suna da wurin da ake ɗora shi, su nuna miki kusan yadda hoton zai fito a wannan takardar. Ki tambaye shi kuma wane tsarin launi yake so a fayil ɗin, sRGB ko Adobe RGB. Idan bai ba ki amsa tsayayya ba, ki ba shi sRGB, don shi yawancin injuna ke tsammani.

Abu mafi muhimmanci shi ne wanda muke yi tun zamanin fim da ruwan magani: gwajin tsiri. Kada ki sake wanke hoton gaba ɗaya. Yanko wurin da ya fi ba ki wahala, wato bakin hannun rigar nan tare da yatsa ɗaya mai haske, ki jera shi sau biyar ko shida a shafi ɗaya na A4, kowanne inuwarsa ta ɗara ta baya buɗewa kaɗan, ki rubuta lambar gyaran a ƙarƙashinsa. A wanke a ainihin girman da za ki rataya, a kan ainihin takardar. Inuwar kawai za ki ɗaga, kada ki haskaka hoton duka, in ba haka ba yatsun za su ƙone, duhun da ya ba hoton nauyinsa ya koma toka-toka. Sai ki ɗauki shafin ki tafi ɗakin da za a yi baje kolin, ki manna shi a bangonki, ki duba da rana, ki sake dubawa da fitilun ɗakin. A can za ki zaɓa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Wannan tagar ta yamma kuma ku yi maganarta tun yanzu. Gilashin firam a kan hoto mai duhu madubi yake zama. Idan bangonki yana fuskantar tagar, da la'asar mutane fuskokinsu za su riƙa gani maimakon hannun mai agogo. Ki nemi a ba ki bangon da tagar take ciki ko wanda hasken ke gogawa ta gefe, ko a sa labule.

Ɗalibar Hoto:

Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Na duba histogiram ɗin, yadda ka faɗa haka yake. Bangon da aka ba ni kuwa shi ne daidai mai kallon tagar. Gobe zan yi magana da malaminmu.

Malama Mai Koyar da Hoto:

Ƙanwata, rigimar ajinku tsohuwa ce, kuma kowane ɓangare yana da manya a bayansa.

A 1955 Edward Steichen ya shirya baje kolin The Family of Man a gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke Niyok. Hotuna 503 ne na masu ɗauka 273 daga ƙasashe 68. Bai daidaita girmansu ba ko kaɗan: wasu sun cika bango, wasu ƙanana, wasu an rataye su a tsakiyar ɗaki mutane suna zagayawa. Amma mutum ɗaya ne ya yanke girman kowanne, ya duba ɗakin gaba ɗaya, kuma har yau ana sukarsa da cewa ya haɗiye muryar masu hotunan ya mayar da su kalmomi a cikin jimlarsa. A ɗaya gefen ga Bernd da Hilla Becher na Jamus, miji da mata da suka shafe shekaru suna ɗaukar tankunan ruwa da tanderun narka ƙarfe a ƙarƙashin lumshin sama, daga gaba tsaye, su jera su layi-layi a girma ɗaya. A wurinsu daidaiton shi ne aikin, don shi ke sa ido ya kama bambancin tanki da tanki.

Abin da nake gani a nan shi ne, daidaiton girma yana da ma'ana a cikin aikin mutum ɗaya, ko ayyukan da ke tambaya ɗaya. Ku kuwa kowa da abin da ya dame shi. Idan aka tilasta A3, hoton gadar nan zai shaƙe, naki kuma su kumbura. Amma idan aka ce kowa ya yi yadda ya ga dama, ɗakin zai zama hayaniya, mai babban hoto ya rufe maƙwabcinsa. Shawarata ku daidaita abubuwan da ba hoton ba: launin firam ɗaya, farin kwalin da ke zagaye hoto iri ɗaya, rubutun bayani salo ɗaya da girma ɗaya, da layin tsakiya ɗaya a bango. Girman hoto kuma a ba da zaɓi biyu ko uku, misali A4, A3 da A2. Sannan ku zaɓi mutum biyu, tare da malaminku, su yanke wa zai zauna kusa da wa, kowa ya yi alkawarin karɓar hukuncinsu kafin su fara. Idan aka bar wannan ga ƙuri'ar aji duka, mai ƙarfin murya ne zai ci.

Maganar zaɓe kuma, ki daina yin sa a allo. A allo hoto ɗaya kike gani a lokaci guda, sai ki tuna ranar da kika ɗauke shi, da kirkin da mai hannun ya yi miki. Mai kallo ba shi da wannan tunanin, abin da ke bango kawai yake da shi. Ki wanke duk waɗanda kike shakka a kansu ƙanana, santimita 10 da 15, ki shimfiɗa a ƙasa. Nan take za ki ga biyu suna faɗin abu ɗaya, ko wani kyakkyawa ya ƙi zama da kowa. Ki lura da inda hannaye ke nunawa: wanda yatsunsa ke kallon dama ya fi dacewa a farkon jeri, don ya tura ido ciki. Ki kira ɗan ajin da bai san labarin hotunan ba, ya jera miki ba tare da kin ce uffan ba.

Biyar kuma iyaka ce, ba dole ba ce. Firam mai faɗin santimita 50 guda biyar sun cinye 250 cikin 300 ɗinki, saura 50 da za ki raba tsakaninsu da tsakaninki da maƙwabta. Huɗu masu sarari sun fi biyar a cunkushe. Wanda kika cire, ki wanke shi ki kai wa mai hannun, ki kuma gayyace shi ranar buɗewa. Ko da babu fuska, ya kamata su san za a rataye su a gaban jama'a.

Ɗan Ajin Bara:

Malama, ina tare da ke a komai sai abu ɗaya. Girma uku yana nufin firam iri uku, kuma samun su a lokaci ɗaya wahala ne ga ɗalibai. Mu firam ɗaya muka yi wa kusan kowa, muka bambanta faɗin tagar kwalin da ke ciki. Mai son ƙaramin hoto ya samu farin fili mai yalwa kewaye da shi, kuma hakan ma yana jawo mutum ya matso. Mutum biyu kawai aka ware wa babba.

'Yar'uwa, ku kula da tattara fayil. Kada kowa ya tura hotonsa ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya rage masa fiksel. A tura a matsayin dokimen, ko a zuba a Google Drive, sunan kowane fayil ya ƙunshi sunan ɗalibi, lambar jeri da girman bugu. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da fiksel 6000 da 4000, wanda a fiksel 300 kowane inci ya kai kusan santimita 51 da 34, ya wadatar da A3. Sai dai siffar 3:2 ba ta cika A3 daidai, idan mai wanki ya ce zai cika takardar, zai yanke wajen santimita biyu da rabi a tsawon. Ki rubuta masa ƙarara kada ya yanke, ya bar farin gefe. Idan injin tawada ne, ku bar bugun ya sha iska kwana ɗaya kafin a rufe shi, kuma kada fuskar hoton ta taɓa gilashi, amfanin kwalin ke nan.

Ranar ratayewa ku ja zare a bango a tsayin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, tsakiyar kowane firam ta hau kansa. Ku fara jingina komai a ƙasan bango ku kalli ɗakin kafin ƙusa ɗaya ta shiga.

Ɗalibar Hoto:

Na gode muku ƙwarai. Na yi gwajin tsirin, Baba, kuma zaren hannun rigar ya dawo ba tare da duhun ya tafi ba. An musanya mini bango da wata mai hotunan launi masu haske, ita ma ta fi son can.

Malama, na shimfiɗa su a ƙasa kamar yadda kika ce. Na mai walda ya fita, duk da ina son sa, don tartsatsin wutar yana janye ido daga hannun, sauran kuwa shiru ne a cikinsu. Huɗu zan rataya, hoton ya zama santimita 24 da 16 a cikin firam ɗin kowa. Na kai wa aji shawarar Yaya ta firam ɗaya da tagogin kwali daban-daban, an karɓa, an kuma ware wa mai gadar A2. Abin da ya rage mana yanzu shi ne rubutun bayani: wasu na so a sa suna da shekara kawai, ni kuma ina so a rubuta sana'ar kowane mai hannu. Za mu zauna a kai ranar Litinin.