'Yan sanda sun tare ni saboda bindigar da ke ƙuguna a Texas, ina neman shawara

Bakano_Texas ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata bakwai a Amurka, ina da katin zama na dindindin, ina aikin dare a shagon wani gidan mai a gefen Houston, daga goma na dare zuwa shida na safe. Cikin azumin bara wasu yara biyu suka shigo wajen ƙarfe uku, ɗaya ya ɗora mini bakin bindiga ta kan kanta, suka kwashe abin da ke akwatin kuɗi, ko dala ɗari biyu bai kai ba. Bayan sun fita na kasa ko danna waya saboda karkarwa. Ana gama sallah na je na sayi ƙaramar bindiga ƙirar Glock 19, na cike takardar da ake cikewa, aka binciki sunana, aka ba ni. Mai shagon ya yarda in riƙa zuwa da ita. Da yake tun watan Satumba na 2021 dokar Texas ta ce mai shekara 21 wanda ba shi da wani laifi a kansa zai iya yawo da ita ba lasisi, sai nake sa ta a kube a ƙuguna na dama, kowa na gani. Tunanina shi ne ɓarawo in ya hango ta zai canza shago.

Ranar Talatar da ta wuce na tashi aiki na biya wajen injinan wanki da kayan yara. Wata mata da ke ninke kaya ta kalli ƙuguna, ta ja ɗanta suka fita. Ban kawo komai a raina ba. Ba a yi minti goma ba sai ga motar 'yan sanda biyu. Ina riƙe da galan ɗin sabulun ruwa aka ce in ɗaga hannu. To ga inda na kusa kashe kaina: ka san mu a gida, da ɗan sanda ya tsayar da kai sai ka yi sauri ka ciro takardu don ya ga kai mai biyayya ne. Hannuna ya tafi aljihun baya inda walat take, gefe ɗaya da bindigar. Tsawar da ƙaramin cikinsu ya daka mini har yau tana kunnena, kuma na ga hannunsa a kan tasa. Na saki galan ɗin, sabulu ya malale a ƙasa.

Suka zare ta daga kuben, suka cire harsasan, suka kira lambarta ta rediyo, suka karɓi lasisin tuƙina. Bayan kamar minti ashirin babban ya ce ban karya doka ba, ya sa bindigar a but ɗin motata, harsasai a gefe, ya ce kada in taɓa sai sun tafi.

Tambayata: tunda doka ta ba ni dama, suna da hurumin kwace ta ko na ɗan lokaci? Kuma in ci gaba da sa ta a fili? Uwargida dai ta ce in sayar ko ta koma Kano da yaranta.

Direban_Tirela_Damagaram ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kiyaye gaba, sadaka ta kama ka. Ni abin da zan ƙara maka ɗaya ne tunda hanya ce gidana: wannan dokar ta Texas a iyakar Texas take tsayawa. Niyok, Ilinoi da Kalifoniya ba a yawo da ƙaramar bindiga a fili. Akwai wata mata 'yar Filadelfiya, Shaneen Allen, mai lasisin Pensilbaniya. A 2013 aka tsayar da ita a Niyu Jasi kan laifin tuƙi, ita da bakinta ta ce wa ɗan sandan tana da bindiga da lasisi. Aka kulle ta makonni, tana fuskantar ɗaurin shekaru, sai a 2015 gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Gada kawai ta tsallaka fa. In za ka kai iyali ziyara wata jiha, ka duba dokar kowace jihar da za ka ratsa, ko ka bar ta a gida a kulle.

Abu_Hanifa_Dallas ya rubuta:

Ɗan'uwa, ni ba lauya ba ne, amma shekara tara ina aiki a ofishin lauyoyin shige da fice, don haka ka ɗauki maganata a matsayin ta ɗan'uwa, ka kuma je ka ga lauya.

Kan tambayarka ta farko: dokar nan ta 2021 da kake dogaro da ita, a cikinta aka rubuta cewa ɗan sanda da ke bakin aiki zai iya karɓe bindigar mutum na ɗan lokaci in yana ganin hakan ya zama dole don tsaron kansa ko na wani, sannan ya mayar kafin ya sallame shi in ba kama shi zai yi ba. Ko suna da dalilin tsare ka tun farko, wannan wata magana ce. An yi irinta a Toledo ta jihar Ohayo: wani Shawn Northrup yana yawo da karensa da matarsa, bindiga a ƙugu, aka kira 'yan sanda, aka sa masa ankwa. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce inda doka ta halatta ɗaukar bindiga a fili, ganinta kaɗai bai isa dalilin tsare mutum ba. Sai dai kotun yankin Ohayo ce, hukuncinta bai ɗaure Texas ba. Kuma ba ka san abin da matar ta faɗa a waya ba. In ta ce "yana wasa da ita" ko "yana ta kallonmu", labari ya canza. Sannan da ka kai hannu baya, ka ba su duk dalilin da suke nema.

Abin da ya fi damuna shi ne katinka. Baturen da kake gani a YouTube yana musu da ɗan sanda kan gyara na biyu na kundin tsarin mulki, wato wanda ya ba da haƙƙin mallakar bindiga, in abu ya ɓaci tara zai biya ko ya kwana biyu a tsare ya koma gidansa. Kai kuwa dokar shige da fice ta ce duk wanda ba ɗan ƙasa ba da aka samu da laifin da ya shafi bindiga, ko ƙarami ne, ana iya korarsa. Kuma kuskure a nan ba wuya. Mashaya mai alamar 51% a ƙofa haramun ce da bindiga. Shago in ya kafa allon 30.05 ya hana marasa lasisi, 30.06 na masu lasisin da suka ɓoye ne, 30.07 na masu sawa a fili. Makaranta, kotu, rumfar zaɓe duk babu. Ga kuma wadda mutane ba su sani ba: dokar tarayya ta hana bindiga cikin ƙafa 1,000 daga makaranta, sai ga mai lasisin jihar. Ka lissafa makarantu nawa kake wucewa daga shago zuwa gida.

Don haka ka je ka yi lasisin, ko da jiha ta ce ba dole. Darasin awa huɗu zuwa shida ne da gwajin harbi, kuɗin jiha dala 40, mai katin dindindin yana da dama. In kana da shi kuma ɗan sanda ya nemi shaidarka, ka miƙa duka biyun tare.

Ga ƙannenmu ɗalibai masu karantawa: wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga in ban da 'yan keɓantattun hanyoyi. Ta Bakano ma kada ku riƙe don ɗaukar hoto.

Matashi_ATL ya rubuta:

Yaya Abu Hanifa, da girmanka, amma wannan tsoron shi ya sa kullum mu ake rainawa. Haƙƙi in ba a amfani da shi mutuwa yake. A 1967 da 'yan Black Panther, ƙungiyar baƙar fata masu fafutuka, suka shiga majalisar Kalifoniya da bindigogi, nan da nan aka yi dokar hana ɗaukar bindiga mai harsashi a fili, gwamnan jihar na lokacin, Reagan, ya sa hannu. Ke nan matsalar ba bindigar ba ce, wanda ya riƙe ta ne. In duk baƙar fata ya ɓoye tasa, yaushe za su saba?

Hajiya_Maman_Ikram ta rubuta:

Kai yaro, su saba da jinin wa? Da na mai 'ya'ya uku da ke wanke musu kaya da safe?

Bakano ƙanena, a Minesota nake, kuma ina nan a watan Yuli na 2016 lokacin da aka harbe Philando Castile a Falcon Heights. Hanyar nan ina binta. Mutumin yana da lasisinsa, a kicin ɗin makarantar yara yake aiki. An tsayar da shi, ya faɗa wa ɗan sandan cikin ladabi cewa yana da bindiga, ya kai hannu, aka sakar masa harsashi bakwai, budurwarsa na gefe, yarinya 'yar shekara huɗu na kujerar baya. Shekara na zagayowa kotu ta wanke ɗan sandan. Duk abin da Abu Hanifa ya lissafa na doka gaskiya ne, amma a gaban alƙali ake karanta shi, kuma sai mai rai ke zuwa gaban alƙali.

Abin da na koya wa ɗana, shi da ko bindigar ba ya da ita: a kashe mota, a sauke gilashi, a kunna fitilar ciki in dare ne, hannu biyu a kan sitiyari. Ba a ciro komai sai an tambaya, in an tambaya kuma a faɗi inda yake tukuna, a jira a ce ɗauko. Kai da kake da ita, kada ka fara da kalmar bindiga da ƙarfi, abokin aikin ɗan sandan da ke ɗaya gefen ita kaɗai zai ji. Ka ce kana da lasisi kuma kana ɗauke da ita a dama, me yake so ka yi.

Zancen ɓarawo zai gani ya canza shago kuwa, ni ban yarda ba. Wanda ya shigo da niyya, kai zai fara yi wa, ya ƙara da taka a kan tasa. Matarka kuma ba ta yi laifi ba, ka lallashe ta.

Bakano_Texas ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Matashi, na ji maganarka kuma akwai gaskiya a ciki, amma a samu wani ya fara, ni sabulu ma ya fi ƙarfin hannuna ranar.

Yaya Abu Hanifa, na lissafa yau da na taso: makarantu uku, ɗaya ma katangarta na kallon inda nake tsayawa a danja. Na yi rajistar darasin, Asabar mai zuwa ne. Kafin lasisin ya fito na bar ta a akwatin ƙarfe a shago, mai shagon ya ba ni makulli ɗaya. Na kuma sayi kuben da ake sawa ta cikin wando, walat ta koma aljihun riga na gaba.

Hajiya, na karanta wa uwargida saƙonki. Ta ce a gaishe ki, ta ce kuma maganar sayarwa tana nan ba ta janye ba. Ko akwai wanda ya san lauyan shige da fice a Houston da ba zai caje ni kuɗin wata guda don zaman rabin awa ba?