Muna so mu kafa rumbun haɗin gwiwa a ƙauyenmu, wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan_Gumel:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema gun waɗanda suka san harkar. Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Gumel, aiki nake a Kano amma duk damina ina gida, ni da ƙannena muke noma gonar babanmu. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne da an yi kaka kowa sai ya kwashi gero da wake ya nufi Maigatari ran Alhamis ya karyar da su, ga bashin taki ga kuɗin makarantar yara ga biki ga suna, manyan motoci na tsaye ana lodi ana wucewa da shi Dawanau, to kafin watan Yuli ya ƙare rumbu ya koma wayam, wanda ya noma geron da hannunsa shi ne zai tsuguna gaban mai awo yana sayen tiya ɗaya da tsada. Bara da idona na ga wani dattijo maƙwabcinmu ya bar gonarsa lokacin maimai ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo awon ranar, ciyawa ta cinye tasa, kaka ta zo bai haɗa dami goma ba, ya sake cin bashi. Wlh abin ya tsaya min a rai.

Shi ne muka zauna mu 23 muka ce kowa ya kawo buhu ko rabin buhu da kaka mu tara a ɗaki ɗaya, ba a taɓawa sai damina ta yi tsakiya. Inda muka kasa daidaitawa: bashi za a ba mutane ko sayar musu za a yi, wa zai riƙe makulli, kuma yaya za mu yi da ƙwari musamman a wake.

Bamaradi:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah shi yi albarka. Abin da kuke son yi mu nan Nijar bankin cimaka muke ce mashi, kuma bayan yunwar 2005 ƙauyukka da yawa a jihar Maradi da Damagaram sun samu irin shi. Gaskiya zan faɗa maka, masu yawa sun mutu, kuma ba ƙwari sunka kashe su ba, bashi ne. A garinmu haka munka gani, an ba mutane hatsi ana cewa a maido da kaka, damina ta zo da gardama, wanga ya ce bai samu ba wancan ɗan uwan mai gari ne ba mai iya tunkarar shi, shekara ukku mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsin, ta koma wurin kwanan awaki. In za ku ji ta tawa ku saida, ko da sauƙi ne amma kuɗi hannu, kuma ku sa iyaka kamar tiya biyar ko goma kowane gida a sati, don kar mai kuɗi shi kwashe shi kai kasuwa. Kuɗin da kunka tara su za ku sake sayen hatsi da kaka.

Akwai kuma wata dubara da ake cewa warantaji, ita ta fi zuwa daidai da matsalar da ka faɗi ta karyar da kaya. Manoma su aje buhunansu cikin mangaza, kowane da sunan mai shi, asusu, wato ƙaramin bankin ajiya da rance, shi ba su rancen kuɗi ƙasa da darajar kayan su kashe ƙishin gabansu ko su yi kiwo ko noman rani, bayan wata biyar ko shida su biya su ɗauki abinsu lokacin da ya yi daraja. Ƙofa kwaɗo biyu ake sa mata, makulli ɗaya hannun ƙungiya ɗaya hannun asusu, ba mai buɗewa shi kaɗai. Ko ba ku da asusu ku ɗauki wannan ta kwaɗo biyu.

Maman_Sadiq:
Malam Ɗan Gumel ina tambaya, cikin ku 23 ɗin nan mata nawa ne? Don mu muka san ranar da tiya ta ƙare a gida tun kafin maigida ya sani. Ɗan uwa na Maradi zai ba ka labarin Mata Masu Dubara, a can aka fara ta a 1991, mata na zuba kuɗi duk sati a akwati suna ranta wa juna, yanzu tsarin ya zaga ƙasashe da dama. Mu ma a unguwarmu haka muke yi kuma mace ba ta yarda a ji kunyarta gaban 'yan uwanta mata kan bashi, ko kazarta ce za ta sayar ta biya. Ku ba wata dattijuwa makulli ɗaya.

Maganar wake kuwa dan girman Allah kar ku zuba masa maganin feshi ko fiya-fiya, abin da za mu dafa wa yaranmu ne fa, ka tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda maganin ƙwari da aka samu ya yi yawa a jikinsa. Ku nemi buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, leda biyu masu kauri a ciki sannan buhu a waje. Za ka zuba waken ka matse iska ka ɗaure ledar farko tam, ka ɗaure ta biyu daban, sannan na wajen, iska na ƙarewa ƙwarin da ke ciki su mutu da kansu. Ni na buɗe nawa bayan wata bakwai wake fes kamar ranar aka casa. Amma sai ya bushe ƙarau, in kana shakka ka samu kwalba busasshiya ka zuba gishiri da ɗan waken ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da saura a koma shanya. A ɗora buhunan kan katako kar su taɓa ƙasa ko bango, kuma a yi maganin ɓera don huda ɗaya ta ɓata aikin duka, kafin ka zuba ma ka hura ledar ka gani ko tana yoyo.

Abu_Ammar:
Allah ya saka da alheri, niyya ce mai kyau. Abu ɗaya zan ja hankalinku a kai, in kun ranta wa mutum tiya goma da sharaɗin ya maido sha ɗaya ko sha biyu da kaka wannan riba ce ta haram ko da ƙungiya ce za ta amfana, haka ma rancen kuɗi mai ruwa. Sayarwa da ɗan ƙari kan abin da kuka saya don kuɗin buhu da gyaran ɗaki ciniki ne, ba laifi. Shi kuma irin dattijon da ka ambata wanda ko da sauƙin ba zai iya saya ba, haƙƙinsa na cikin zakka, ɗaya cikin goma ne ga noman damina in ya kai nisabi, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Ku yi magana da limaminku a ware buhunan zakka daban da na ƙungiya, a rubuta sunayen mabuƙata, kar a cakuɗa lissafin.

Alhaji_Mai_Awo:
Ni a Dawanau nake kasuwanci shekara kusan ashirin, kuma na ga ana ɗan harararmu a maganar nan, toh ba mu muke tilasta wa manomi ya sayar ba, buƙata ce ke koro shi. Amma bari in gaya maka abin da ba a faɗa ba, kar ku gina abin nan kan cewa dole kaya su tashi da damina. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, aka shiga 2025 farashi ya riƙa zubewa, mutane da yawa da suka ajiye kaya suna jiran tsada sun sayar ƙasa da yadda suka saya, ni kaina na ji a jikina, masarar da na kulle a sito sai da na fitar da ita da asara. Wanda ya ci bashi kan kayansa a irin wannan shekara ya shiga uku. In don ci kuka ajiye ba ku faɗi ba, gero na nan a garinku ba kuɗin mota ba na dako, amma ku amince tun yanzu me za ku yi in kasuwa ta fi ku araha, don ranar mutanenku kasuwa za su tafi su bar ku da kaya. Shawarata ku tsaya kan gero da dawa, su suka fi jure ajiya, wake ku fara da kaɗan, riɗi da zoɓo kuwa ku bar kowa ya sayar ya biya buƙatunsa da su, su ne za su hana shi taɓa hatsin.

Ɗan_Gumel:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Maman Sadiq kin kama mu, ko mace ɗaya babu, yau da daddare zan kira innarmu ita ke riƙe da adashin matan unguwa. Alhaji wannan ta riɗi da zoɓo ba mu yi tunaninta ba sam, kuma kusan kowa na shuka zoɓo a bakin gonarsa. Mun tsaya kan sayarwa kuɗi hannu da kwaɗo biyu, zan kai wa liman maganar zakka ran Juma'a in Allah ya kai mu. Ɗan uwa na Maradi saura tambaya ɗaya, ɗakin da muka samu na ƙasa ne rufin kwano, daɓen ya farfashe kuma akwai gara ta gefen gabas, mu yi masa siminti kafin kaka ko mu haƙura bana mu rarraba buhunan a rumbunan mutum uku da muka yarda da su?